Tulunan Garkar Bakin Tasha

Ku da kuke cewa aikin garka aikin malalata ne, wai mutum ya riƙe tiyo da hannu ɗaya, waya da ɗaya hannun, ruwa na zuba yana dariya shi kaɗai, ku matso in ba ku labari. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina kula da garkar nan ta bakin tasha a Tasawa, wadda kuke shiga da tsakar rana ku miƙe ƙafa kuna cewa wallahi nan akwai sanyi, kamar daga sama sanyin ya faɗo muku.

Garkar ba ta da girma, taku arba'in ka ƙure ta. A waje kwalta ce, da manyan kamiyo masu wucewa suna girgiza ƙasa, da 'yan kabu-kabu, da 'yan kamasho masu tsage maƙogwaro suna kiran Maraɗi da Damagaram. Ka tsallake shingen lalle, sai hayaniyar ta ja baya, gumin goshinka ya fara bushewa. Wani Alhaji fatken goro ne ya yanke filin daga gonarsa tun garin bai kai nan ba, ya bar shi sadaka, da sharaɗin ba a kulle ƙofa kuma ba a hana kowa shiga. Mangwaro bakwai aka dasa a ciki. Aikina duka shi ne kada bakwai ɗin nan su mutu, a ƙasar rairayi, a garin da ruwa ke nesa. Furanni da shara da jera kujeru ado ne kawai, kowa ya iya su.

Aikin farko da aka ba ni ina tune da shi sarai. Daga Kona na zo, da gemuna da matata, ina ganin wanda ya tashi da hauya a hannu babu abin da za a koya masa game da shuka. Baba Nomau, tsohon da ya dasa itatuwan da hannunsa, ya miƙo mini guga ya nuna mini mangwaron bakin ƙofa, ya ce in shayar da shi. Na ja guga goma daga rijiya, na kwarara su a gindin itacen har laka ta tashi, na tsaya ina jiran a sa mini albarka. Tsoho ya dube ni, ya dubi lakar.

"Kai Idi, in za ka shayar da jaki, a ƙahwa kake zuba mai?"

Na ce a'a.

"To mi ya sa ka wanke ma wanga bawan Allah ƙahwa ka bar shi da ƙishi? Icce ba ya sha da gindi. Zamna nan ka jira rana ta take tsaka."

Da rana ta tsaya cak, ya sa na bi gefen inuwar itacen ina ja da kara a ƙasa har na zagayo. Ya ce in tona a kan zanen. Ban kai kamu biyu ba na tarar da saiwoyi sirara, masu yawa, sun bazu cikin rairayi. Ya ce nan ne bakin itacen, inda inuwar tsakar rana ta ƙare. Guga goman da na ja sun tafi a banza, kuma ranar na sake jan wasu goma.

A kan wannan zanen muke binne tuluna. Kowane mangwaro shida, a jere suna zagaye shi, an nutsa su har wuya, an rufe bakin kowane da guntun kasko don ƙadangare da sauro. Ka cika tulu, shi kuma ya dinga tsattsafo da ruwan a hankali cikin ƙasa, kwana uku, rana ba ta sha ko ɗigo. Saiwar da kanta take nemo tulun ta nannaɗe shi. Cikin ramin muna barbaɗa toka da busasshen ganyen bedi, wato dogon yaro, saboda gara, wani lokaci har cikin tulun mu jefa kaɗan. Bayan shekara biyu ko uku inuwa ta ƙara faɗi, sai ka tone su ka matsar da su waje, don baki ya matsa. Kayan aikinmu ke nan: dagi, kwasa, guga, wuƙa, tsintsiyar kaba, da tulu. Tiyo ban taɓa riƙe shi ba sai da furfura ta fito mini.

Kuma ba kowane tulu ba. Wanda matan gida ke yabo, mai ƙara kamar ƙarfe in ka ƙwanƙwasa, ba shi da amfani a wurinmu, don riƙe ruwansa yake yi. Mai gumi muke so. Ranar da Baba Nomau ya fara aike ni Kona wurin gwaggona Tabawa, mai ginin tukwane, na faɗa mata abin da nake nema, sai da ta ajiye yumɓun da ke hannunta ta yi dariya har da hawaye.

"Kowa na gudun tulu mai yoyo, kai ka taso tun daga birni nemanshi? Ɗan nan, lahiyarka ƙalau? Ko zaman Tasawar ne ya taɓa ka?"

Amma ita ta gane aikin fiye da masu takarda. Takan ƙara ƙaiƙayin hatsi cikin yumɓu, ta janye tulun daga wuta tun bai gama gasuwa ba. Mu cika shi mu ajiye a inuwa. In kafin la'asar jikinsa ya jiƙe amma ƙasansa bai yi tafki ba, ya yi. In ɗora su a amalanken jaki, in cusa ciyawa a tsakani, in taho a ƙafa ina riƙe da akala, kowane rami na hanya ina jin sa a haƙarƙarina.

Masu shigowa kuwa, na ga iri-iri. Direbobi masu jiran layi, matan ƙauye da suka sayar da kayansu suna jiran mota ta cika, makiyaya daga wajen Issawane da suka kawo bisashe kasuwa, 'yan lakwal masu haddar darasi suna kai da komo, da tsofaffin 'yan dara waɗanda suka riƙe gindin itace ɗaya kamar gadon ubansu. Duk suna son inuwa, ba mai son itace. Wannan ya kafa ƙusa ya rataya jaka, wancan ya ɗaure rago a reshe, yara su yi ta jifar ɗanyen mangwaron da ko biri ba zai ci ba. Wata rana na kama wani magidanci cikin shadda mai maiƙo, da 'yar wuƙarsa, yana sassaƙar ɓawon itacen tsakiya.

"Alhaji, mi kake yi hakanan?"

"Ɗan magani ne, Malam. An ce yana da kyau ga shawara."

"To in kowane mai shawara na garin nan ya ɗebi nashi, kai ina za ka zamna baɗi?"

Ya ce ai itacen Allah ne. Na ce haka ne, amma gugan da ake shayar da shi kafaɗata ce ke jan sa. Ya tafi yana gunguni, ni kuma na kwaɓa laka da kashin shanu na shafe ciwon.

Baba Nomau ya rasu, garka ta dawo hannuna, na yi shekaru ina aikina ba mai ce mini ƙala. Sai magadan Alhaji suka ɗora jikansa a kan lamarin garkar. Mushe Laminu ke nan, don mu nan Mushe muke ce wa ɗan boko, wanda ya yi karatu a babban birni ya dawo da hotunan lambunan can cike da wayarsa. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Irin mutanen nan ne da in suka ga ƙasa tsirara sai su ji kunya ta kama su. Yana so a shimfiɗa pabe, wato ƙananan bulon da ake jerawa a daɓe, a gina wa kowane itace zoben siminti a gindi don mutane su zauna, a jawo famfo. Na ce masa in ya rufe ƙasa ya rufe bakin itatuwan. Ya yi murmushin da ake yi wa tsoho.

"Baba Idi, zamani ya wuce wanga. Ga ruwan famfo har gindin icce, mi za a yi da tulu?"

Na ƙi, shi ma ya ƙi, muka yi ta ja har wata da watanni. Da ƙila na ci nasara, don dattawan gidansu suna jin maganata. Abin da ya kayar da ni ƙafar wani fasinja ce.

Ranar kasuwa ce, garka cike. Wani ƙato ya ji an ce motarsa za ta tashi, ya zabura da gudu, ya taka kaskon da ke bakin wani tulu. Kasko ya fashe, ƙafa ta zurma har ƙauri. Ya kwarma ihu, mutane suka taru suka zaro shi, ko ƙwarzane bai yi ba. Amma wani mai karambani ya ce mene ne wannan a ƙasa, ya sa hannu ya tona. Kafin in baro bakin rijiya sun ciro tulun. Ya yi shekara uku a wurin, saiwoyi sirara baƙi-baƙi sun lulluɓe shi ruf, cikinsa kuma ga toka ga ruɓaɓɓen ganye.

Wata mai fura ce ta fara. "Innalillahi! Gashi ne! Gashin mutum!"

Shi ke nan, gari ya ɗauka. Tulu binne a ƙasa, baki rufe, da gashi da toka, kowa ya san abin da ake nufi da wannan. Mai furar ta ce dama ta rasa dalilin da furarta ba ta ƙarewa in ta zauna nan. Wani direba ya ce shi ya sa motarsa ta daina shiga giya tun da ya fara kwanciya a gindin itacen can. Na tsinko saiwa ɗaya na ɗaga musu, na ce ku duba, ku sansana, ku tauna ma in kuna so. Ba wanda ya matso. Mutanen da kowanensu ubansa manomi ne, waɗanda suka yi rarrafe a kunyar hatsi, ranar nan suka kasa gane saiwa. Na ji takaici kamar in haɗiye zuciya, kuma har yau in na tuna ina jin sa.

Mushe Laminu ya iso da yamma ya ja ni gefe. Ya ce shi mai ilimi ne, bai yarda da camfi ba, ya san saiwa ce. Amma jama'a sun tsorata, kuma sunan kakansa ne a wurin. Abin nema ya samu, ai. Kashegari aka kawo ma'aikata da diga, suka tone tuluna arba'in da ɗaya da suka rage, suka farfasa su a bakin hanya mutane na kallo suna a'uziyya. Cikin sati uku an shimfiɗe pabe, an gina zobban siminti an shafa musu fenti kore da fari. Ni aka bar mini tsintsiya da tiyo, aka ce in dinga zuba ruwa cikin zoben, a gindi, daidai inda Baba Nomau ya yi mini ba'a ranar farko.

Abin haushi da itace shi ne ba ya mutuwa ranar da ka kashe shi. Damina biyu aka yi masu kyau, itatuwan suna cin tsohon ƙarfinsu, ganye shar. Mushe yakan kawo baƙi ya ɗauke su hoto, ya kira ni ya ce, "Baba Idi, ina mutuwar da ka ce?" Ni kuwa ina ganin ƙaro na tsattsafowa daga gindinsu inda ruwa ke kwanciya, ina ganin gara ta fara gina hanyarta a ɓawo. Na faɗa sau ɗaya, na faɗa sau biyu, na ja bakina na ci gaba da shara.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya makara, ya ɗauke da wuri, hatsi ya bushe a tsaye. Kafin bazara rijiyar garka ta koma laka, famfo kuma sai ya kwana biyar yana hura iska. Pabe ya ɗauki zafi, ko da takalmi ba ka iya tsayawa a kai. Itatuwan suka fara zubar da ganye daga sama, ina sharewa da safe, kafin azahar wani ya rufe ƙasa. 'Yan dara suka fara jan tabarmarsu suna bin guntun inuwa, daga baya suka daina zuwa.

Ran nan Mushe ya zo ya tsaya ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon rassan da rana ke ratsawa. Ya ce in yi wani abu. Ya ce ya yi magana da mai amalanke, za a dinga kawo tano biyu, wato duro biyu, na ruwa kullum daga wata rijiya ta bayan gari. Na ce masa tano biyu a wannan zafin itace ɗaya za su riƙe, shi ma in Allah ya so. Ya ce to na bakin ƙofa, shi ake gani daga kwalta, a jikinsa allon sunan kakansa yake, kuma dangi za su taru wurin bayan Salla.

Bayan tafiyarsa na ɗauki wuƙa na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗan kankare ɓawon reshe. In ƙarƙashin kore ne da damshi, akwai rai. Na bakin ƙofa ja ne, busasshe, ƙamshinsa ma na makamashi ne. Sauran ganyen da ke kansa bai samu iskar da za ta kaɗo shi ba ne kawai. Biyar na bayansa duk haka. Sai na can ƙurya jikin katangar baya, karkatacce, mummuna, wanda ba a taɓa ɗaukar kowa hoto a gindinsa ba. Shi na kankara na ga kore. Pabe ya ƙare kafin a gama zagaye shi, kuma a gefensa direbobi ke alwala, ragowar ruwan butocinsu ne ya riƙe shi shekara uku.

Na tafi Kona. Gwaggo Tabawa ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma hannunta bai manta ba. Da ta ji abin da ya faru da na farko ta yi tsaki.

"Arba'in da ɗaya? Sunka hwashe su? Allah ya isa tsakanina da mutanen birni. Kai ma da ka tsaya kana kallo."

Ta gina mini shida. Na dawo da su da rana kata, na sauke a gaban kowa, na kifa su a jere, na ce duk mai shakka ya zo ya leƙa ya zura hannu. Wasu suka leƙa, wasu suka tsaya daga nesa. Na sa dagi na ɓamɓare paben da ya hau kan bakin inuwa, na binne tulunan, na juye musu tano biyun nan kaf. Na bakin ƙofa ban ba shi ko kofi ɗaya ba. Zuba wa gawa ruwa wanka ne, ni kuma ba shi aka ɗauke ni yi ba.

Kwana arba'in da wani abu na yi a haka. Sati biyun farko ba abin da ya canja, ganye na ci gaba da zuba, har na fara shakkar wuƙata. Kowace safiya sai in buɗe kasko in ga ko ruwa ya ragu. A sati na uku tulunan suka fara wayar gari rabi, na san saiwa ta same su. Daga nan sai ga jan toho a kan reshen da ya karkata kan katanga, ɗan mitsitsi, mai laushi. Ranar na zauna a ƙasa na ci goro.

Mushe ba ya fitowa cikin zafi, shi ya sa bai sani ba sai ana gobe taron dangi. Ya zo ya tarar da na bakin ƙofa tsirara, allon kakansa rataye a jikin busasshen itace. Ya tambayi ina ruwan da yake aikowa, na nuna masa ƙurya. Ya ce na saɓa umarni. Na ce haka ne. Ya ce da na shayar da na ƙofa da ya rayu. Na miƙa masa wuƙa na ce ya kankara ya gani, bai karɓa ba. A gaban dangi ana bukatar wanda za a ce shi ya kashe itatuwan Alhaji, kuma jika ba ya kashe itacen kakansa. Ruwan farko ya sauka da kwana biyu aka ce in ajiye tsintsiya, wai tsufa ya kama ni in je in huta.

Shidan an sare su, masu tuya sun kwashe. A wurinsu aka kafa rumfar kwano, wadda daga hantsi zuwa la'asar ko akuya ba ta shiga. Kowa yana can ƙurya: direbobi, matan ƙauye, 'yan dara, 'yan lakwal, gwiwa na gugar gwiwa a ƙarƙashin karkataccen nan. Ya yi faɗi yanzu, ya haura katanga. Wannan ita ce inuwar da kuke yabo.

Yanzu ni ma baƙo ne a wurin, nakan je jefi-jefi in zauna kamar kowa. Satin da ya wuce na shiga da azahar, na ga bakin inuwar ya wuce tulunan da taku biyu cur, ba wanda ya matsar da su, ga bazara na ƙaratowa. Na durƙusa na ɗaga kasko ɗaya. Busasshe ƙarau, da saƙar gizo a ciki. Na ɗaga na biyu, haka. Sai ga wanda aka ɗauka a gurbina, magidanci ne da takardarsa ta aikin gona, ya taho da sauri yana jan tiyo. Bai san ni ba.

"Baba! Baba, rufa ma kanka asiri, maida murhin nan! Ba a taɓa su."

Na ce don me.

Ya rage murya. "Wani tsoho ne ya binne su shekarar yunwa. Aiki ne ya yi ma iccen, shi ya sa shi kaɗai bai mutu ba. An ce duk wanda ya buɗe, abin kanshi zai koma. Mu ko kusa ba mu zuwa, a gindi muke zuba mai ruwa."

Na dube shi, na dubi jama'ar da ke kwance a inuwa suna saurare suna gyaɗa kai. Na ce masa ni ne tsohon, kuma aikin da ke ciki ruwa ne, ya miƙo mini tiyon in cika su. Ya ja da baya taku ɗaya, ya ɓoye tiyon a bayansa, ya ce sai ya tambayi Mushe.